Lemo Biyu a Jar Jaka

"Valentine ba namu ba ne, Amarya," in ji mijina Shafi'u yana latsa kwamfuta. "An ce wani limamin coci ne a Rum yake ɗaura wa sojoji aure a ɓoye bayan sarki ya hana, aka kashe shi."

Na ce to. Ni da na tsaya a firamare, ina ni ina musu da mai neman digiri na uku? Dama shekararmu guda da aure, kunya ba ta taɓa barina na ce ina sonsa ba.

Washegari sha huɗu ga wata, korona ta kulle mu a gidanmu na unguwar Sentul, can ƙasar waje inda yake karatu. Na buɗe ƙofa zan fitar da shara, sai ga jar jaka a rataye da lemon zaƙi biyu a ciki. Ashe wa'azin Malam a baki kawai ya tsaya!

Na sha wanka da turare, na tsaya a bayansa na runtse ido. "Yaya, na ga saƙo. Ni ma ina sonka."

Ya juyo baki buɗe. "Wane saƙo?"

Muka leƙa waje. Kowace ƙofa da jar jakarta. Ga tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Sin sanye da takunkumi tana ɗaga mana hannu. Sabuwar shekararsu suke yi, shi ne ta raba wa maƙwabta lemo.

A banɗaki na wuni.

Tun ranar, duk cefanen da Shafi'u ya fita, da lemo biyu yake dawowa. Ya ajiye a gabana, ya gyara zama yana jira.