Me Casaba, In Ji Doña Eulogia

Hilario ya zare hoton daga jikin ƙusa bai ko nemi izini ba. Gurbinsa a bango fari fat, don tun kafin ya iya tafiya hoton yake rataye a wurin.

Mahaifiyarsa, Doña Eulogia, ba ta ɗago kai daga tukunyar pozole, miyar masara da nama, ba. Jibi Asabar za ta yi aure, tana da shekara sittin da ɗoriya. Mai gasa burodi ya sani, makaɗa sun karɓi gayyata. Ɗanta tilo ne kaɗai ya rantse sai bayan ransa.

Angon, Don Nicanor, bara ya sauka a garin daga kudu da akwati ɗaya. Ba mata, ba 'ya'ya, ba wanda ya san sana'ar da ya ci abinci da ita. Tafin hannunsa laushi kamar na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Kowa "ɗana" yake ce masa, har mai gasa burodin da ya girme shi. In aka ajiye abinci sai ya ɗaga hannu bisa kwano, ya yi kamar ya tuna wani abu, ya mayar da shi aljihu. Yanzu ma ga shi can ƙarshen tebur yana murza kunnen hagu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin Hilario shi ne yana da uba. Bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ya haddace shi a hoto: tsaye gefen amarya, gashin baki cunkus, malfa a hannu, fada, limamin coci, a tsakaninsu riƙe da littafi. Mutanen gari sun ɗauka iyaka ya tsallaka zuwa ƙasar da ke arewa neman aiki ya ɓace, kamar mazan rabin gidajen unguwar. Wanda ba a ga gawarsa ba kuwa bai mutu ba. Hilario da kansa ya tsallaka yana saurayi, ya bi gonakin inabi yana nuna fuskar, ya dawo hannu rabbana. Har gashin baki ya tara irin na mutumin.

Yana yaro, in ya tambaya, amsar ɗaya ce. Ta nuna bango da haɓa ta ce, "Ga ubanka nan, ranar da me casaba." Da ya shiga makaranta aka sa su rera kalmar a jere, casaba, casabas, casaba, casábamos, casaban, sai ya dawo gida da gyara. Abin da aka gama, me casé ake cewa, na yi aure. Me casaba kuwa ana cikin yi ne. Ta ce masa bakin nata ne. Ya bar ta a kan maganar mutanen ƙauye ce.

"Gobe da safe alƙali zai ga hoton nan," in ji Hilario. "Ba a aure kan aure. In ke ba ki ji kunya ba, Mama, ni na ji miki."

"Kunya? Na sha ta na ƙoshi tun ba a haife ka ba, ga ni nan ban mutu ba. Kai masa, ka ce ina gaishe shi."

"In aka yi bikin nan, ƙafata ta bar gidan nan ke nan."

Da gaske yake, ita ma ta sani. Ransa ya ɓaci har hannunsa ya kai kunne bai sani ba.

Don Nicanor ya gyara murya. "Ɗana, da ka zauna tukuna."

"Ni ba ɗanka ba ne, tsoho. Ajiye kayanka."

Nan Doña Eulogia ta ajiye ludayi. Ta goge hannu a riga, ta taho ta karɓe hoton daga hannunsa kamar tana karɓe wuƙa daga hannun yaro.

"Mai gashin bakin nan, don a rufe bakin gari na tsaya gefensa, kana cikina. Mai hoto ya ɗauka, aka zo tambaya ko na yarda. Na ce a'a. Na fita da farar rigata, na bar musu garin gaba ɗaya. Ba a ɗaura ba. Ranar Asabar zan ce me casé karo na farko a rayuwata, kana nan ko ba ka nan."

Hilario ya ji ƙasa ta yi masa nisa. Abin ya yi masa zafi, ya kuma ji tausayin mutumin da aka bari tsaye da malfa a hannu.

"Wato ke kika kori ubana."

"Wa ya ce maka ubanka ne? Kai da ka ishe ni da gyara, jero mini. In ni ce nake aure, me ake cewa?"

"Me casaba."

"In kuma wani ne yake ɗaura mini?"

Ya buɗe baki da sauri, sai ya dakata. Kalmar "ina aure" da ta "yana ɗaura mini aure" duk ɗaya ce, tun yana aji uku ya sani.

"Me casaba," ya ce a hankali.

Yatsanta ya wuce malfa, ya wuce gashin baki, ya tsaya kan matashin fadan da ke tsakiya, wanda rigarsa ta haramta masa mace, littafi a hannu ɗaya, ɗayan yana kan kunnensa na hagu.

A ƙarshen tebur Don Nicanor ya sauke hannu daga kunne ya sake cewa, "Ɗana," kuma wannan karon ba al'adar tsohon aikinsa na fada ba ce, kiran uba ne.