Ƙarar Sanda

Ƙuri'a ta tashi uku da uku, sai kowa ya dubi shugaban kwamitin, tsohon alƙalin kurket, wasan buga ƙwallo da sanda. Shi zai raba gardamar Gwarzon Wasanni na gundumar a bana: ɗan dambe mai kambu, ko ɗan kurket da bai ci komai ba.

"Haba, dattijo," in ji 'yar jaridar da ke gefensa. "Ɗan damben nan ba a taɓa kayar da shi ba. Wancan kuwa da hannunsa ya zubar da kofin gasa."

Haka aka yi. A wasan ƙarshe, saura maki biyu ƙungiyarsa ta ci, ƙwallo ta gifta sandarsa, abokin hamayya ya cafe. A doka, in ta taɓa sandar, ya fita ke nan. Alƙali ya ce ba ta taɓa ba. Shi kuwa ya san ta taɓa, ya maƙale sandarsa a hammata ya fice, ga shi kuwa shi ne ɗan wasansu na ƙarshe, kofi ya kuɓuce. Alƙalin ranar shi ne shugaban nan.

"Gwani muke nema, ba waliyyi ba," in ji wani koci, yana tsoma biskit a shayi. Aka yi dariya.

Shugaban ya rubuta sunan ɗan kurket.

"Don ya gyara maka kuskure?" in ji kocin. "Kunne ya tsufa, ko?"

"Kunnena ƙalau. Na ji ƙarar ƙwallo a jikin sandar sarai," in ji shugaban. "Ƙungiyar garinmu ce, shi ya sa na ce ba ta taɓa ba. Ku sa wannan ma a rahoto."