Bakin Zaren da Ya Nannaɗe

Ka ce sai ranar ta zo za ka shirya. To zauna in ba ka wani misali da na gani a bakin kogi, ko a Yawuri ne ko a Ibi, garin ya shige mini, amma hannun mutumin ina ganinsa har yanzu. Masunci ne mai fatsa. Kullum da la'asar, bayan ya dawo daga ruwa, sai ya zauna gindin tsamiya yana yi wa bakin zarensa ɗan zobe, inda ake maƙala guntun zaren ƙugiya, don in kifi ya sauya a sauya ƙugiya ba sai an yanke ba. Abin da ya tsayar da ni, ba ya jan ƙullin sai ya jiƙa shi da yawu. Sannan ya rataya zoben a wata ƙusa jikin itacen, ya jingina baya da dukkan nauyinsa. Wani ƙullin ya riƙe, wani ya kwance, wani ya tsinke, ya sake. Na tambaye shi dalilin yawun. Ya ce, "Malam, zaren roba in ka ja shi a bushe zafi yake yi, ya ci kansa tun bai ga ruwa ba."

Yana da maƙwabci da ke masa dariya, wai yana kokawa da tsamiya alhali kifi na cikin kogi. Shi maƙwabcin a cikin kwalekwale yake ƙulla nasa, da gaggawa, ya ciza da haƙori ya jefa. Kuma yana kamu, domin ƙaramar ƙarfasa ba ta tambayar ƙulli. Sai matarsa ta haihu, ya yi mata alkawarin babban kifi na farfesun jego, har ya faɗa gaban surukarsa. Ranar da ya fita, giwan ruwa ya haɗiye ƙugiyar. Ya ja, kifin ya ja, har ya ga farin tumbin kifin ya juya kusa da kwalekwalen, sai zare ya dawo sakayau. Ya zo gindin tsamiya yana zagin mai sayar da zare. Masuncin farko ya karɓi bakin zaren, ya ɗaga shi ga haske, ni ma na leƙa. Ya nannaɗe kamar gashin jariri. Ya ce, "Ɗan uwa, da tsinkewa ya yi, da bakinsa ya miƙe. Wannan kwancewa ya yi. Ga sawun ƙullinka nan."

Mai jego ta sha romon ƙarfasa, surukar kuwa kwanon kawai ta duba. Washegari na ga mutum biyu gindin tsamiyar, ƙusa ɗaya suna karɓa-karɓa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.