Lissafin da Tabarau Ya Canza

"Amarya, ki ajiye kati mana! Ko tsoro ne ya kama ki?" Nafi'u ya faɗa yana dariya.

Kullum bayan la'asar muke kartarmu a tsakar gida, ni da mijina, wanda aka cinye shi ke wanke-wanke. Yau ni ce sanye da tabarau mai lissafi, irin wanda ya cika gari, mai karanta numfashi da bugun zuciyar abokin wasa ya rubuta maka damarka a gefen ido. Tunda muka saye shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ɗazu ya ce damata ta cin wasan tamanin ce cikin ɗari. Da na sake ɗago kai na dubi Nafi'u, sai rubutun ya koma ja: damar abokin wasanki ya kai ƙarshen wannan zagaye da ransa, arba'in cikin ɗari.

Sai yanzu na lura da zufar goshinsa, da yadda yake murza kafaɗarsa ta hagu.

"Masoyi, ƙirjinka na ciwo?"

"Kai, wannan dabara ta tsufa! Kin ga zan cinye ki, shi ne za ki tsorata ni."

Arba'in ɗin ta koma talatin da takwas, shi kuwa murmushi yake yi mini, irin wanda ya sa na aure shi.

Na kifa katina a tabarma.

"Ka ci, na yarda. Tashi, asibiti za mu tafi yanzu, ko da jan ka zan yi."