Ƙugun Hagu

An kashe ubangidan mayaƙan samurai da hantsi, ran bikin girbin shinkafa, a ɗakin shayinsa, inda kowa ke rataye takobi a waje kafin ya shiga. Suka ɗaya ce. Wata yarinya mai kawo ruwa ce ta yi, da wuƙar da ta ɓoye a guga, ta kuma fita ta inda ta shigo.

Shugaban mayaƙa ya sa aka kawo tsohon samurai mai tsaron ƙofa.

"Baba, shekara talatin kana nan kamar turke, 'yar ɗiban ruwa ta wuce ka?"

"Ido ya tsufa, ranka ya daɗe."

"Faɗi kamanninta ka tsira. In ka ƙi, gobe farin kaya da gajeriyar wuƙa, ka farke cikinka da hannunka."

Tsohon ya gan ta sarai. Ƙofar matsattsiya ce, da ta zo wucewa sai ta karkata ƙugun hagu don kada kuben takobi ya bugi katako, alhali ba ta rataye da komai. Baƙauyiya ba ta yin haka. Shi ya koya wa 'yarsa wannan tana shekara shida, kafin ubangidan ya ƙone ƙauyen uwarta, aka ce masa yarinyar ta mutu a ciki.

"Suka ɗaya kuka ce?"

"Ɗaya."

Tsohon ya gyara zama, ya ɗaga kai. "A kawo kayan."

Mahayan da aka tura neman yarinyar ta hanyar dutse ba su dawo ba tukuna.