Awo Uku

"A daina jiran awo," in ji Zailani. "Kashi uku za mu riƙa yi, babba da matsakaici da ƙarami, mu ajiye."

Shekara goma ya yi yana tsara aiki a wata masaƙa a Kano, kafin a rufe ta ya dawo ƙauye. Ya raba masu haƙar kabari yadda ya saba: huɗu a diga, biyu a saran itace, ɗaya a kwaɓin ƙasa.

Tsoho Mati ya girgiza kai. "Ba a yin wannan kafin a buƙata, Zailani. Kamar kira ne."

"Baba, jiya har la'asar mutane suna rana suna jiranmu."

Tsarin ya yi aiki. Duk da annobar sanƙarau da ta shigo ƙauyen, ba wanda ya ƙara jira a maƙabarta.

Ran Alhamis ƙanin Zailani ya iso riƙe da karan awon gawa, ɗan guntu. Zailani ya dubi karan. Da safe ya baro 'yarsa Huseina da zazzaɓi.

"Ba sai an auna ba," ya ce. "Layi na uku, na farko. Ni na haƙa shi ɗazu."