Kukar da Ke Bayan Gauraki

Kawu, Allah Ya kai haske kabarinka. Ka tuna ranar da ka same ni a tasha ina zana zaki a bayan wata motar kaya, ka zauna a kan galan ɗin fenti, ka ce tunda hannuna ya fara faɗawa, to in ji wani misali? Na ɗauke shi hirar manya ce kawai. Yau da hantsi misalin ya dawo mini.

Ka ce an yi wani masanin tsuntsaye, ma'aikacin gandun daji. Shekara da shekaru yana shiga fadama yana duba su, yana rubuta rahoto, rahoton yana kwance a ofis gara na ci. Kowace damina gauraki raguwa suke yi, domin ana kama su a kai gidajen masu hali, a yanke musu fiffike, su zama ado a tsakar gida. Ya ga takarda ba ta hana komai. Ya ce a ransa, mutum ba ya tsare abin da bai taɓa ganin kyansa ba. Sai ya ajiye aikin, ya sayi fenti da buroshi, ya koma zane. Dangi suka ce ya taɓu, in ba haka ba wa ke barin kujerar gwamnati ya kama shafe-shafen launi?

A lokacin gauraki biyu suka rage a yankin, mace da namiji, sun yi sheƙa a wani lungun fadama da shi kaɗai ya sani. Ya zana su a babban bangon da ke kallon kasuwa, da dogon wuyan nan, da tukkun nan mai ruwan zinariya, kai ka ce in ka tafa hannu za su tashi. Da yake kuma mutum ne da bai iya ƙarya a aiki ba, bai tsaya a kan tsuntsayen ba. Ya zana abin da ke bayansu yadda Allah Ya yi shi: kukar da tsawa ta tsaga biyu, da surin da ke gindinta, har da ƙwai a cikin ciyawa. Ran kasuwa jama'a suka yi cincirindo. Tsofaffi suna cewa rabonsu da ganin wannan tsuntsu tun suna kiwon awaki. Mai zane yana gefe, ransa fari ƙal. Amma a cikin taron akwai wani baƙo da keji ɗaure a bayan babur. Shi ko kallon tsuntsayen bai yi ba, kukar ya zuba wa ido. Can ya juya ga wata mai fura ya ce, "Baiwar Allah, wannan kukar a ina take?" Ta ce ai ko makaho ya san ta, ta nuna masa hanya da ludayinta.

Mai zane ya ji da kunnensa. Ya ruga ya kwaɓa farar ƙasa, ya shafe bangon tas kafin la'asar. Bango ya yi fari fat kamar ba a taɓa zana komai ba. Ya kama hanyar fadama da gudu. Abin da ya tarar shi ne sawun babur, da ciyawa a tattake, da guntun igiyar tarko, da sheƙa wayam. Namijin ne kaɗai ya tsira, yana shawagi yana kiran matarsa har damina ta wuce, daga nan shi ma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ka ce mutumin ya ci gaba da zane har tsufa, ya sa mutane da yawa sun daina ɗana tarko, amma bai ƙara zana komai a bayan tsuntsu ba sai sararin sama.

To Kawu, yau na je duba shinkafar da ka bari a fadamarka. Ina cikin ruwa har gwiwa na ji wani kira da ban taɓa ji ba, amma na gane shi. Gauraki biyu ne, a bayan bukkarka, macen tana kwance a kan sheƙa. Hannuna ya riga hankalina, na zana su a guntun takardar siminti. Sai da na dawo tasha na duba, na ga ashe har bukkar na zana, da giginyarka mai doro. Ga shi kuwa kwanan nan akwai wani da ke zagaya direbobi yana cigiyar tsuntsayen ado. Na cusa takardar a murhun mai shayi, na tsaya har ta zama toka. Sallau mai wankin mota ya ga taɓo a wandona ya ce, "Ɗan Kawu, ko budurwa ka samo a fadama?" Na yi dariya na wuce.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Tun rasuwarka ba ta yi murmushi ba, kuma na san in ta ji baƙi irin waɗannan sun sauka a gonar yayanta, za ta yi. Amma don daɗi za ta faɗa wa maƙwabciya a bakin rijiya, maƙwabciya tana da miji, mijin yana zuwa tasha. Na zauna gabanta ɗazu tana tankaɗe, maganar ta zo har leɓena, na haɗiye.

Gaskiyar Hausawa, Kawu, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Nawa bunun yana nan a jinka. Ban gaya wa kowa ba tukuna.